Akwatin kifin Jamusawa mai lita 8.6 da ya je sama sau uku, da tankin karfasata da ya mutu a dare ɗaya

Sana'ata kiwon kifi ce, a bayan gidanmu nan Hayin Dogo ta Samaru, tankunan roba guda biyar, huɗu na tarwaɗa ɗaya na karfasa, kuma wannan ɗayan shi ya jawo duk abin da zan rubuta a nan. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Zariya ke kaiwa maƙura kafin ruwan farko ya sauka, irin daren nan da ko a tsakar gida ka shimfiɗa tabarma sai ka ji ƙasa na huro maka zafi ta baya. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta, janareta ba mai, na ce a raina ai daga nan zuwa asuba ba wani abu, balle ruwan kore ne shar, kowa a cikinmu ya san koren ruwa abincin karfasa ne. Da na dawo daga masallaci na haska tocila, wallahi abin da na gani har yau yana idona. Duk sun taso sama, bakunansu na buɗewa suna rufewa a fatar ruwa, wasu sun riga sun kife tumbinsu na kallon sama, ruwan kuma ya yi wani irin ƙarni da ban taɓa ji ba. Na yi ta kamfatar ruwa da bokiti ina watsowa daga sama don iska ta shiga, yara na taya ni, amma cikin 150 guda 38 kawai suka kai rana. Tarwaɗa kuwa da ke tankin gefe ko a jikinsu.

Da yamma ɗan yayata ya zo jaje, yana karatun ilimin halittu a jami'a nan Samaru, ya zagaya tankin ya sa hannu ya ji ɗumin ruwan, sai ya ce, "Kawu, ba cuta ba ce, kuma ba wanda ya zuba maka wani abu. Koren ruwan nan da kake yabo shi ne ya shaƙe su." Na ce kai ɗan nan, gansakuka ce fa, ita da take ba su iska? Ya ce da rana ne take bayarwa, idan rana ta faɗi ita ma numfashi take kamar kowa, ta koma tana shan iskar da ta bayar, ga kifi na sha, ga ƙwayoyin bakteriya da ke cin kashin kifi da ragowar abinci a gindin tanki su ma suna sha, kowa na ɗiba ba mai zubawa, injin hura iska kuma ya tsaya. Sannan ya ɗauki biro ya yi min wani lissafi a bayan buhun abincin kifi wanda shi ne ya buɗe min ido. Ruwa mai ɗumin digiri 30, ko ya ƙoshi da iska iya ƙoshi, abin da lita ɗaya ke riƙewa na oksijin bai wuce miligiram bakwai da rabi ba. Tankina lita 2000 ne. Kenan gaba ɗaya iskar da rayuka 150 ke dogaro da ita giram 15 ce, nauyin dunƙulen magi huɗu. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Shi ne ya ce min ai wannan matsalar tawa ita ce ainihin matsalar da masu son kai mutum duniyar Mas suke fama da ita, kuma akwai wasu Jamusawa da suka taɓa haɗa ƙaramin akwatin kifi rufaffe ruf suka aika da shi sararin samaniya don su ga ko zai riƙe kansa. Tun daga ranar nake bin labarin akwatin nan, yana turo min abin da ya samu muna tattaunawa, ni kuma ina auna shi da abin da hannuna ya sani na kiwo.

Me ya kai kifi cikin kumbo

Farko dai sai an gane damuwar. Mutum ɗaya a rana yana shaƙar oksijin kusan giram 840, ya fitar da iskar kabon kusan kilo guda, ga ruwan sha ga abinci ga bayan gida. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kusa, kilomita wajen 400 ne sama da kanmu, ana kai musu kaya a kai a kai, ruwansu ma injuna ke tacewa, a 2023 hukumar NASA ta sanar sun kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da suke amfani da shi, har da fitsari da gumi. To amma inji ba ya haifar da abinci. Tafiyar Mas kuwa zuwa da dawowa magana ce ta shekara biyu zuwa uku, ba kasuwar Sabon Gari a hanya, ba kwatar da za ka zubar da ƙazanta ka ɗebo sabo. Dole abin da ya fita daga jikinka ya zagayo ya dawo maka a matsayin iska ko ruwa ko tuwo, kuma masu iya wannan aikin tun fil azal su ne tsirrai da ƙananan halittu.

Rashawa sun fara tun shekarun 1960 a Krasnoyarsk da ke Saberiya da wata gansakuka mai suna Chlorella, suka gano kusan murabba'in mita takwas nata a ƙarƙashin fitila yana iya riƙe numfashin mutum ɗaya, daga baya a ginin BIOS-3 aka rufe mutum uku har wata shida. Sai dai gansakukar nan ba ta ciyuwa da yawa, ciki ba ya karɓarta, shi ya sa suka koma shuka alkama da kayan lambu. Nan ne tunanin kifi ya shigo: a samu dabbar da za ta ci abin da mutum ba zai iya ci ba, ta mayar da shi nama. Duk mai kiwo ya san kifi ya fi kowace dabba albarkar abinci, ni a nan idan ruwa na da kyau kilo ɗaya da ɗan wani abu na abinci yana ba ni kilon tarwaɗa, je ka gwada haka da rago ka gani. Dalili kuwa kifi ba ya ƙona abinci wajen ɗumama jikinsa, ba ya kuma ɗaukar nauyin kansa, ruwa ke ɗauke masa. Wannan na biyun shi ya sa aka yi tunanin rashin nauyi a sama ba zai dame shi kamar yadda zai dami kaza ko akuya ba.

Akwatin da kansa

Sunansa CEBAS, wani farfesa mai suna Volker Blüm da mutanensa na jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka ƙirƙiro shi. Sun fara da babba a ɗakin gwaji, daga baya suka matse shi ya koma lita 8.6, wato bai kai rabin jarkar lita ashirin ta mai ruwa ba, saboda dole ya shiga cikin loka ɗaya ta jirgin sama jannati na Amurka. A cikin wannan ɗan wurin suka zaunar da ma'aikata huɗu.

Akwai kifin, wani ƙarami da ake ajiyewa don ado mai wutsiya kamar takobi, asalinsa daga yankin Meziko, kuma abin da ya sa ya dace shi ne ba ƙwai yake sakawa ba, haihuwa yake, don haka idan ka ɗauki mace mai ciki ka ɗauki zuriya biyu a tafiya ɗaya. Akwai katantanwar ruwa masu kankare gansakuka da cinye mushe da ruɓaɓɓen ganye. Akwai ɗaki na daban mai fitila cike da wata ciyawar ruwa da masana ke kira Ceratophyllum. Sai matata, wadda a ido ba ka ganin komai a cikinta amma nan bakteriya suke zaune. Famfo na zagaya ruwan daga ɗaki zuwa ɗaki, kwamfuta na auna iska da zafi.

Zaɓen ciyawar nan ya burge ni ƙwarai, don da ni aka tambaya da kainuwa zan ce, ita da muke gani ta rufe kududdufai tana yaɗuwa ba mai shuka ta, har ake cewa kainuwa dashen Allah. To amma kainuwa a saman ruwa take zama, saiwarta ƙasa ganyenta sama, a inda babu nauyi kuwa ruwa ba shi da sama ba shi da ƙasa, akwatin cike yake maƙil ba wata fatar ruwa da za ta kwanta a kai. Ita wannan Ceratophyllum ba ta da saiwa ko ɗaya, a tsakiyar ruwa take rayuwa, ta jikinta take shan abinci, duk yadda ka juya ta ba ruwanta. Haka ma tarwaɗata da na ke alfahari da ita: abin da ya cece ta a daren nan shi ne tana da wata gaɓa a ka da take shaƙar iskar waje da ita, ta taso ta haɗiyi iska ta koma. A cikin rufaffen akwati a sama ba inda za ta taso. Abin da ke ƙarfinta a Zariya ba ya mata amfani a can. Kai, ko dutsen hura iskar da muke jefawa a tanki ba zai yi aiki ba, don kumfar iska ba ta tashi sama idan ba nauyi, tsayawa take ta haɗe da 'yan uwanta ta zama ƙaton balo ta toshe famfo.

Katantanwar kuwa da ɗan yayata ya faɗa min sunanta, Biomphalaria, ya ce Kawu ka san ko wace ce? Danginta ne ke cikin madatsan ruwanmu da fadamu suna ɗauke da tsutsar da ke kama hanjin mutum, 'yar uwar tsargiyar da ke sa yara fitsarin jini idan sun yi wanka a rafi. Na sama tsaftatattu ne na ɗakin gwaji, an zaɓe su ne saboda an daɗe ana nazarinsu an san halinsu ciki da bai. Amma ina roƙon duk wanda zai karanta wannan ya ji sha'awar gwadawa, kada ya je bakin kogin Kubanni ko Galma ya tsinto katantanwa da hannu ya zuba a tanki.

Yadda zagayen ke tafiya shi ne kifi ya ci abinci, ya fitar da iskar kabon da amoniya, akasarin amoniyar ma ta wurin numfashinsa na gefen kai take fita ba ta kashi ba. Amoniya guba ce, kuma gubarta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Bakteriya kashi na farko su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iska, kashi na biyu su mayar da ita naitiret, wanda shi taki ne zalla. Ciyawa ta sha takin, ta sha iskar kabon, fitila ta haska ta, ta saki oksijin, ruwan ya koma wa kifi. Abin da mutane ke mantawa, ni ma ban sani ba sai da aka nuna min, shi ne su bakteriyan nan ba kyauta suke aiki ba, duk giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da za su sarrafa sai sun sha oksijin kusan giram huɗu da rabi. Kenan idan iska ta yi ƙasa matata ma tsayawa take, amoniya ta taru, kifin da ke haki ya ƙara shan guba. Abu ɗaya ya faɗi sai sauran su bi shi a jere, kuma haka aka yi a tankina.

Dabarar Jamusawan a nan ita ce fitilar ba agogo take bi ba, iska take bi. Na'ura na auna oksijin ɗin ruwa, idan ya sauka ta kunna wa ciyawa fitila, idan ya hau ya isa ta kashe. Wato a cikin akwatin nan ba a barin dare ya yi tsawon da zai kashe kowa. Da na ji wannan sai da na yi shiru, don abin da na rasa kenan, ni darena ya yi awa bakwai ba wanda ya katse shi.

Abin da ya faru a tafiyoyin

Tafiya ta farko Janairun 1998 ce a jirgin Endeavour, wanda ya je tashar Mir ta Rasha, kwana tara. Akwatin ya dawo da rai, ruwa lafiya, ciyawa ta ƙaru, katantanwa sun saka ƙwai 'ya'ya sun fito a can sama. Wata uku bayan haka, Afrilu zuwa farkon Mayu, aka sake ɗora shi a jirgin Columbia a tafiyar da aka kira Neurolab ta binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kwana 16. A wannan karon an zuba ƙananan kifi sama da ɗari biyu, kuma akasarinsu ba su dawo da rai ba, abin da aka fi zargi shi ne ruwan ya yi ɗumi fiye da yadda ya kamata. Masu binciken sun ɗauki tafiyar a matsayin nasara ta fuskar cewa tsarin bai rushe ba, ciyawa da matata sun ci gaba da aiki, kuma gaskiyarsu ce. Amma ni da idon mai kiwo nake kallo, idan na zuba 'ya'yan kifi ɗari biyu na kwashe 'yan tsiraru ba zan ce wa kowa na ci riba ba. Kuma duba abin da ake zargi, zafi, abokin gabar da na sani a watan Afrilu. Ɗumi na rage iskar da ruwa ke riƙewa, a daidai lokacin kuma yana ƙara wa kifi da bakteriya yunwar iskar, ta gefe biyu yake cin ka.

Ka yi lissafin ɗan yayata a kan lita 8.6 ka ga. Ko ruwan ya ƙoshi, duk oksijin ɗin da ke ciki miligiram wajen 70 ne. Babban mutum ɗaya zai shanye wannan a daƙiƙa bakwai, numfashi biyu kenan. Ba ajiya ko kaɗan, abin da ciyawa ta saki yanzu shi kifi zai shaƙa yanzu. Mu masu kiwo mun san ƙaramin ruwa ba ya yafiya, kuskuren da tafki zai haɗiye ba ka ma sani ba, a baho kafin ka juya ya zama asara. Su kuma masu kumbo kowane kilo da za a ɗaga kuɗi ne mai yawa, dole su matse, matsewar kuma ita ke cire musu wannan rangwamen.

An samu ilimi a gefe wanda ba na iska ba. A cikin kunnen kifi da jikin katantanwa akwai wasu 'yan duwatsu da ke gaya wa dabba ina ne ƙasa, kuma katantanwar da suka tashi a sama an tarar nasu duwatsun sun fi na 'yan uwansu na ƙasa girma, kamar jiki na ƙoƙarin jiyo nauyin da babu shi. Dama tun 1973 a tashar sama ta Amurka mai suna Skylab an ga yadda kifi biyu da aka kai suka yi ta wulwulawa suna alkafura a kwanakin farko, daga baya suka koyi juya bayansu ga fitila suka ɗauke ta a matsayin sama, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a can kuwa iyo suka yi daidai tun farko. A 1994 kuma wasu ƙananan kifin Japan huɗu da ake kira medaka suka yi barbara a cikin Columbia, suka saka ƙwai, takwas suka ƙyanƙyashe kafin a sauko. Don haka maganar ko kifi zai iya haihuwa a sama an wuce ta.

Tafiya ta uku ita ce mai ciwo. Janairun 2003, Columbia kuma, kwana 16 ana aiki, ranar 1 ga Fabrairu jirgin ya tarwatse yana shigowa sararin duniya, mutum bakwai da ke ciki duka suka rasu. Akwatin yana cikin kayan da ke jirgin. A nan maganar kifi ba ta da wani nauyi kusa da rayukan mutane.

Waɗanda suka biyo baya

Jamusawa ba su daina ba, kuma na gaba ya fi taɓa ni don karfasa suka ɗauka, wani jinsinta na kudu maso gabashin Afirka. A Satumban 2007 aka ɗora wani akwati mai suna Omegahab a kumbon Rasha Foton-M3 wanda ba mutum a ciki, 'ya'yan karfasa a ɗaki ɗaya, wata koriyar halitta mai suna Euglena a ɗaya ɗakin tana ba su iska, kwana 12, aka dawo da su. A 2013 aka sake da wanda ya fi shi haɗi a kumbon Bion-M1 na wata guda, na'urar ta samu matsala a tsakiyar tafiya, kifin duka suka mutu. Ba mutum kusa da zai ɗauki bokiti. Na ce wa ɗan yayata wannan ai darena ne sak, bambancin kawai ni na samu 38.

Na baya-bayan nan na 'yan Chaina ne. A Afrilun 2024 'yan sama jannatin kumbon Shenzhou-18 suka tafi tasharsu ta Tiangong da kifin zebra huɗu da irin wannan ciyawar dai ta Jamusawa, tsarin ya yi kwana 43 yana tafiya, kifin har ƙwai suka saka, kuma a lokacin shi ne mafi daɗewa a irinsa. Ka lura, shekara 26 tsakanin 1998 da 2024, daga kwana 16 an kai kwana 43, kifi huɗu. Tafiyar Mas kuwa kwana ɗari tara ake magana ko fiye.

Ra'ayina a kan lamarin

Ina ganin akwai wuri ɗaya da ake yawan zuzuta abin fiye da yadda yake. Ana cewa rufaffen tsari, amma abincin kifin daga ƙasa aka tafi da shi, hasken fitila daga lantarkin jirgi yake, famfo ma haka. Abin da aka rufe da gaske shi ne iska da ruwa, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne, ni da kullum sai na zubar da sulusin ruwan tarwaɗa a kwata na cika da na rijiyar burtsatse na san darajar a ce ruwa ɗaya ya yi sati biyu ba a canza ba kifi na ciki. Amma ranar da za a ce kifi na cin abin da tsarin ya noma, mutum na cin kifin, kashin mutum na komawa ya zama takin ciyawar, wannan ranar da saura. Kuma ko an kai can, kowane mataki da ka ƙara yana cin nasa kason, kifi ma mai shaƙar iska ne, kishiyar ɗan sama jannati ne a kan oksijin. Shi ya sa nake ganin waɗanda suka fi kusa da amfani su ne masu aiki da abin da mutum zai ci kai tsaye. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana da shiri mai suna MELiSSA tun 1989, wanda aka kwaikwayo daga yadda tafki ke sarrafa kansa, da wurin gwajinsa a Basalona, kuma zuciyar shirin wata gansakuka ce mai suna Spirulina wadda fiye da rabin nauyinta idan ta bushe furotin ne. Abin daɗin ji, wannan Spirulina matan Kanembu na gefen Tafkin Chadi sun daɗe suna tace ta daga tafkunan kanwa, su shanya a rairayi su yanka gutsi-gutsi su kai kasuwa, suna kiranta dihe, a miya ake sakawa. Maƙwabtanmu ne, abin da ke tukunyarsu tun kaka da kakanni shi aka kai tashar sama a 2017 ana auna yawan iskar da yake bayarwa. Kifi a ganina zai shigo ne daga baya, idan an samu zaunannen sansani a wata ko Mas inda akwai ɗan nauyi da wurin ajiye ruwa mai yawa, kuma dalilinsa ba iska ba ce, dalilin shi ne mutum ba zai shekara uku yana haɗiyar koren gari ba tare da ransa ya gundura ba.

Ni dai abin da na ɗauko daga akwatin nan na kawo Hayin Dogo ga shi. Na raba ma'aikatan kamar yadda suka raba, na daina barin tankin karfasa ya yi kore, koren na mayar da shi wani baho daban inda kainuwa da ciyawar ruwa suke, ruwa ya bi ta can ya dawo. Na samu duro na cika shi da tsakuwa da yankakkun robobi ya zama gidan bakteriya, kuma sai da ya yi sati biyar kafin ya kama aiki, a makonnin nan na sha jin kamar na yi asarar kuɗi don ba abin da ido ke gani, ɗan yayata na zuwa da 'yar kwalbar gwaji yana ɗiga magani yana cewa Kawu ƙara haƙuri, kalar ba ta sauka ba tukuna. Na rage yawan kifin zuwa tamanin. Na sa rumfar zana a kan tankin saboda rana. Daga Maris zuwa saukar damina ba na ba da abinci bayan la'asar, don kifin da ya ƙoshi ya fi jan iska da dare. Sannan na sayar da tarwaɗar tanki guda na sayi faifan sola da batir, ba don fanka ko talabijin ba, injin hura iska da famfo kawai ke kansa, na kuma ajiye injin na biyu a kwali.

Canjin ruwan da nake yi kullum ya koma sau ɗaya a sati, shi ma kaɗan. Abin da har yanzu bai zagayo ba shi ne laka. Duk ranar Asabar sai na buɗe gindin duron nan, baƙin taɓo mai wari ya fito, kashin kifi da ragowar abinci da matattun bakteriya, bokiti biyu cur, ba ciyawar da ke shan sa haka nan. Wani dattijo mai lambun alayyafo da latas a bakin fadama yake turo jikansa da baro ya kwashe, makon jiya ma ya aiko min da dami biyu na alayyafo ya ce a gaya wa Malam ya ƙara yawan kifin.